Saka opareta biyu cikin fankshin ɗaya: yaushe abin ke yiwuwa?

Wai me ake nufi da saka opareta a cikin fankshin?

Lamba x kam kowa ya san yadda ake samun x² ko e^x ɗinta. To idan opareta ne a hannunka fa, misali matiriks A, wato lambobi da aka jera a layuka da ginshiƙai? A² ba matsala, ka ninka shi da kansa shikenan. Amma e^A sai an yi dabara, a juya A ya zama dayagonal idan zai juyu (wato ko'ina sifili ban da layin da ya tashi daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama), a saka kowane aigenbalu nasa, wato lambobin da suka fito a wannan layin, cikin fankshin ɗin, sannan a juyo da shi yadda yake.

To idan biyu ne, A da B, ina ruwan AB = BA a nan?

Ai nan ne rigimar take. A lambobi xy da yx duk ɗaya ne, amma idan AB daban BA daban, fankshin xy wanne zai ba ka? Babu amsa guda ɗaya. Ko dokar nan ta e^(A+B) = e^A e^B da ɗalibai ke rubutawa ido rufe, tabbas ɗinta sai A da B sun jitu, wato AB = BA.

Idan sun jitu shikenan?

Idan su biyun na Hermite ne (a matiriks na lambobin zahiri, wato wanda ba ya canzawa idan ka maida layukansa ginshiƙai), eh, juyi ɗaya zai maida su dayagonal tare. Ɗauki A mai 1 da 2 a dayagonal, B mai 3 da 5. Aigenbalu ɗin suna tafiya bibbiyu ne, (1,3) da (2,5), don haka x+y zai ba ka 4 da 7. Lura fa babu (1,5) a ciki, mutane da yawa nan suke zamewa su ɗauka kowane na A zai haɗu da kowane na B. Waɗannan tagwayen su ne sifektiram na haɗin gwiwa, kuma a kansu kaɗai fankshin yake aiki.

Waɗanda ba su da wannan sauƙin fa?

Na opareta ɗaya akwai hanyar Riesz da Dunford mai amfani da intigiral ɗin Cauchy. Na masu yawa sai 1970 Joseph Taylor ya kawo sifektiram ɗin da ya dace, ya gina lissafin a kai. Aikin yana da nauyi gaskiya.

Abin da ya yi aiki a biyu zai yi a uku?

A'a, kuma a ganina nan ne fannin ya fi daɗi. A 1951 von Neumann ya nuna cewa idan girman opareta T, wato iyakar yadda yake miƙa abin da ya yi aiki a kansa, bai wuce 1 ba, girman p(T) ba zai wuce ƙololuwar girman folinomiyal p a kan faifai mai radiyos 1 ba. Ando ya tabbatar da haka ga opareta biyu masu jituwa a 1963, sai mutum ya zaci uku ma haka zai tafi, amma ina, Varopoulos ya nuna a 1974 cewa dokar tana karyewa a uku, Crabb da Davie kuma suka kawo nasu misalin a 1975 da matiriks masu layi 8.