Gwajin tarin fuka a garken shanu: amsar tambayoyin da makiyaya ke ta yi mini

Shanuna lafiyarsu ƙalau, me za a gwada?

Saniya kan yi shekaru da tarin fuka tana kiwo, tana ba da nono, ko tari ba ta yi. Ido ba ya gane shi.

Ko ƙidayar jangali ce?

A'a. Ba ruwanmu da haraji.

Yaya ake yin gwajin?

Ana aske wuri biyu a wuya, a auna kaurin fata, a yi allura a cikin fatar: ɗaya ta tarin fukan shanu, ɗaya ta tarin fukan tsuntsaye don kwatantawa. Bayan awa 72 a sake aunawa. In kumburin ta shanu ya ɗara ɗayan da fiye da milimita 4, gwaji ya nuna.

In zaɓo muku waɗanda za ku gwada?

Haba Alhaji! Ka kora ramammu bayan ruga, ka kawo mana karsana masu sheƙi, sannan a ce yankin Jos babu cuta? Ƙuri'a ake yi, a rugage da cikin garke, in ba haka ba lissafin yawan cutar a yankin ya tashi a banza. Shi ya sa alƙaluman kwata ma ba su isa ba: shanun da ake yankawa daga wurare daban-daban aka kawo su.

Saniya ɗaya ce ta kumbura. Sauran sun tsira ke nan?

Ka kwantar da hankalinka, amma ba zan ce maka sun tsira ba. Wadda ta kamu makonni kaɗan da suka wuce ba lallai ta nuna ba. Haka wadda ba ta daɗe da haihuwa ba. Abin da ya fi damuna shi ne tsohuwar da cutar ta ci jikinta sosai: wani lokaci fatarta ba ta kumbura ko kaɗan, alhali ita ce ke yaɗawa a mashaya. Ita ma mai kumburin, akan samu wadda wata ƙwayar ce mai kama ta jawo, ko da yake allurar nan ta tarin fukan tsuntsaye tana rage wannan ruɗanin. Ka ware ta, ka raba ta da maraƙi, a sake gwada garken bayan kamar wata biyu. In an yanka ta, a kai samfurin huhu da kaluluwa cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Don Allah kada ka lallaɓa ka kai ta kara.

Nonon fa?

A tafasa kafin a yi kindirmo. Yara na kamuwa ta ɗanyen nono.

Jibi za mu tashi, a duba mana gobe?

Ba zai yiwu ba. Kwana uku cur, ko mu fasa allurar.