Waiwaye: Yumɓun da Ya Haifi Motocin Amurka

Daga Fabrairun 1942 har zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antun birnin Detroit sun daina ƙera motocin hawa, sun koma kan tankoki da jiragen yaƙi. Da ƙura ta lafa, jama'a na da kuɗi a aljihu, motocinsu kuma sun tsufa. Nan kamfanoni suka shiga rige-rigen wanda zai fi ɗaukar ido.

Uban tafiyar shi ne Harley Earl, haifaffen Hollywood, wanda kamfanin motoci na General Motors ya damƙa wa sashen zane a 1927. Shi ya yaɗa aiki da yumɓu wajen fitar da siffar mota kafin a ƙera ta. Ba irin na maginan tukwane ba ne, wannan da kaki da mai ake haɗa shi, don haka ba ya bushewa. Sai a ɗumama shi ya yi laushi, a shafe firam na katako da shi, in ya huce a bi shi da makankara ana gogewa. Akan fara da 'yar ƙarama, sau da yawa kashi uku cikin takwas na girman motar. In manya sun gamsu, a gina cikakkiya, a lulluɓe ta da leda mai launin fenti, a turo ta waje a ga yadda rana ke kwanciya a jikinta. Wanda bai sani ba sai ya nemi buɗe ƙofa.

A 1941 Earl da ma'aikatansa suka ga jirgin saman yaƙi samfurin P-38 mai wutsiya biyu. Abin ya zauna musu a rai, sai ga 'yan fukafukai a bayan Cadillac ta 1948, motar General Motors. Virgil Exner na kamfanin Chrysler ya ɗaga nasa a 1957, Cadillac ta rama a 1959 da wasu masu tsini kamar mashi. Gaskiya ado ne kawai. Alfred Sloan, shugaban General Motors, ya so a riƙa sauya fasali duk shekara domin mai motar bara ya ji tasa ta tsufa, yumɓu kuwa ya sauƙaƙa hakan: a kankare nan, a ƙara can.

Earl ya yi ritaya a ƙarshen 1958, fukafukan suka soma lanƙwashewa, sannan littafin lauya Ralph Nader na 1965 ya karkato hankali kan lafiyar wanda ke cikin motar. Yumɓun dai bai bi su ba. Yau na'ura ce ke sassaƙo shi daga zanen kwamfuta, amma gogewar ƙarshe har yanzu da hannu ake yi.