Waiwaye: auna matsin cikin ƙoƙon kai ba tare da an huda ƙashi ba

Ƙoƙon kan babban mutum ba ya buɗewa. Ƙwaƙwalwa da jini da ruwan da ke kewaye da ita duk a ciki suke, in ɗaya ya ƙaru sai ya danne sauran. Alexander Monro a 1783 da George Kellie a 1824, likitoci ne a Sikotilan, su suka fara bayyana haka. Wannan matsin ne kan kashe ɗan acaɓan da ya bugu a kai ya tashi garau, zuwa dare ya fita hayyacinsa. Sanƙarau, irin wanda ya yi ɓarna a Kano a 1996, shi ma yakan kumbura ƙwaƙwalwa.

A 1960 Nils Lundberg na Suwidin ya nuna yadda za a riƙa bibiyar matsin: a huda ƙashi, a zura siririn bututu. Har gobe likitoci sun fi yarda da wannan awon. A ma'aunin matsi na mmHg, na lafiyayye 7 zuwa 15 ne, in ya haura 22 sai a tashi tsaye. Amma aikin na likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne, mutumin Ɓaɓura ko Gwaram kuwa sai an yi doguwar tafiya da shi zuwa babban asibiti irin na Malam Aminu Kano.

Sauƙi ya fara leƙowa a 1982, da Rune Aaslid ɗan Norwe ya auna gudun jinin ƙwaƙwalwa, wanda kan canza in matsi ya hau, da sautin da kunne ba ya ji, ta gefen kai inda ƙashi ba kauri. Danginsa ne sikanin da ake yi wa masu juna biyu. Daga baya aka gano rigar jijiyar ido, wadda ita ma ake iya aunawa da irin wannan sauti, tana faɗaɗa in matsi ya hau, har ta wuce milimita 5.

A ganina, abin da ya hana wannan ilimi isa karkara wuta ce da girman inji. Shi ya sa injiniyoyi suka koma kan 'yan da'irorin lantarki marasa cin batir, masu harba sauti su yi barci kafin harbi na gaba. A 2017 Amurka ta amince da Butterfly iQ, na'urar irin wannan sikanin da ake jona wa waya.

Sai dai ƙiyasi take bayarwa, kuma ƙashin wasu, musamman tsofaffin mata, ba ya barin sautin ya ratsa. Amfaninta ga ma'aikacin asibitin ƙauye shi ne ya san wanda za a nema wa mota yanzu-yanzu.