Waiwaye: Inda giɓin koyar da PCR ga ɗaliban likitan dabbobi ya faro

Tun bayan annobar korona, lokacin da ɗakunan gwaje-gwajen dabbobi a ƙasashe da dama suka taya gwada samfurin mutane, ake ta muhawara kan ko ɗalibin likitan dabbobi yana barin makaranta da sanin PCR, wato gwajin da ke kwafar ƙwayar halittar cuta sau da yawa har a iya gano ta a samfur, yadda ya kamata. Wasu na cewa aikin masu ɗakin gwaji ne, likita ya aika samfur ya jira takarda. Wasu kuma na ganin an bar ɗalibai a baya. Maganar dai ba ta yau ba ce.

Farkon labarin sananne ne. An gano surar DNA, zaren da ke ɗauke da bayanan gado na halitta, a 1953, Kary Mullis ya fito da dabarar PCR a 1983, ya samu kyautar Nobel a 1993.

Shekarar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce 1988. Kafin nan, duk lokacin da aka ɗumama samfur zuwa kusan digiri 95 don raba zaren DNA biyu, zafin yakan lalata sinadarin da ke yin kwafin. Dole mai gwaji ya tsaya a kan bututunsa, yana ɗauke shi daga wannan ruwan zafi zuwa wancan, yana ƙara sabon sinadari, zagaye ashirin ko talatin. Duk wanda ya yi haka da hannunsa ya san abin da ke gudana a cikin bututun. A 1988 ɗin sai aka koma amfani da Taq, sinadarin wata bakteriya mai jure zafi da Thomas Brock ya gano a maɓuɓɓugan Yellowstone a Amurka. Zubi ɗaya ya wadatar, na'ura ta karɓi sauran aikin. A shekarun 1990 aka zo da nau'in da ke nuna sakamako a allon kwamfuta, kayan haɗin ma suka riƙa zuwa a shirye cikin kwali.

Alheri ne babba, babu musu. Amma a nan nake ganin ilimin ya rabu da hannu. A makarantu da yawa darasin ya tare a shekarun farko na karatu, ɗalibi ya haddace matakai uku na kowane zagayen gwajin ya ci jarrabawa, kafin ya fara duba dabba ya manta.

Abin da ke damuna shi ne karanta sakamakon. Kajin da aka ba rigakafi mai rai na cutar Newcastle kwanan nan za su iya nuna ƙwayar alhali lafiyarsu lau, domin PCR ba ya bambanta rayayyar ƙwaya da matacciya, ba kuma kowane gwaji ke raba ta rigakafi da ta cuta ba. Jinin da aka ɗiba a bututu mai sinadarin heparin, mai hana jini daskarewa, kan hana gwajin aiki. Samfurin da ya kama a zagaye na 18 da wanda ya kama a na 37 ba labari ɗaya suke bayarwa ba, domin wanda ya kama da wuri ya fi yawan ƙwaya, amma duka biyun takarda za ta ce "an samu". Da wannan takardar sabon likita zai tsaya gaban mai kaji ya ce masa a hallaka su ko a bar su.