Sallamar mara lafiya bayan allurar barci idan ba shi da mai jinya

Sallama bayan allurar barci ita ce hukuncin da ma'aikatan asibiti ke yankewa kan ko mutumin da aka yi wa ƙaramin aiki, aka ba shi maganin barci ko na gyangyaɗi, ya isa ya koma gida a ranar. Ayyukan da aka fi yin haka a kansu sun haɗa da duba ciki ko hanji da bututu mai kyamara, cire haƙori, mayar da gaɓar da ta goce, wankin mahaifa bayan ɓari, da ƙananan tiyata. Ƙa'idar da ta yaɗu a asibitocin duniya ita ce a miƙa mara lafiyar ga baligi mai hankali wanda zai raka shi gida, ya kuma zauna da shi awa 24. Wuyar tana zuwa ne idan babu wannan mutumin, gidan mara lafiyar kuma yana can karkara, inda taimako ba ya isowa da wuri in wani abu ya taso cikin dare.

Abin da maganin ke bari a jiki

Ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta kasa zurfin barcin magani gida huɗu: na sama-sama da ke rage fargaba kawai, matsakaici wanda mutum ke amsawa in an yi masa magana, mai zurfi wanda sai an motsa shi da ƙarfi, sai kuma cikakken barcin tiyata. Babu katanga tsakanin matakan nan. Adadin da ya sa saurayi gyangyaɗi zai iya jefa dattijo cikin barci mai nauyi har numfashinsa ya raunana.

Midazolam na cikin magungunan da aka fi amfani da su. Jikin baligi mai lafiya yakan ɗauki kimanin awa 2 kafin ya rage rabin abin da ke cikin jini, kuma lokacin ya fi haka tsawo ga tsofaffi, masu ƙiba da masu ciwon hanta. Maganin yana kuma hana ƙwaƙwalwa riƙe abin da ya faru bayan an ba da shi. Shi ya sa za a ga mutum zaune yana sa takalmi, yana hira da nas yadda ya kamata, amma ya tambayi sakamakon gwajinsa a karo na uku, kuma washegari ya rantse ba wanda ya gaya masa komai. Furofofol, wanda aka fara sayarwa a Birtaniya a 1986, yana sakin mutum da sauri, cikin mintuna. Fentanil da danginsa masu kashe zafi suna danne numfashi, musamman in an haɗa su da midazolam. Ketamin, wanda aka ƙirƙiro a 1962, shi ne abin dogaron ƙananan asibitoci da yawa saboda bai cika danne numfashi ko saukar da jini ba, sai dai mutum kan farka daga gare shi da ruɗewa, gane-gane da jiri.

Akwai magungunan da ke karya waɗannan: fulumazenil yana karya midazolam, nalokson yana karya fentanil da ire-irensa. Tarkon da ke ciki shi ne makarin yakan riga maganin barcin fita daga jiki. Mutum ya farka garau, ƙarfin makarin ya ƙare, barcin ya sake danne shi. Don haka ake ci gaba da sa ido a kan wanda aka yi wa makari har wajen awa 2 bayan allurar ƙarshe. Ga mai doguwar tafiya, sakaci a nan na nufin barcin ya dawo masa a kan hanya.

Ma'aunin da ake bi

A 1970 likita J. Antonio Aldrete da abokiyar aikinsa Diane Kroulik suka fito da ma'aunin barin ɗakin farfaɗowa. Yana duba abu biyar: motsa gaɓoɓi, numfashi, awon jini, farkawa, da launin fata, wanda a 1995 aka maye gurbinsa da awon iskar oksijin ta na'urar da ake maƙalawa a yatsa. Kowane yana da maki 0 zuwa 2, ana kuma neman 9 cikin 10. A shekarar 1995 ɗin ne likita Frances Chung da abokan aikinta a Toronto ta Kanada suka wallafa wani ma'aunin na tafiya gida, mai duba bugun zuciya da awon jini, iya tafiya, tashin zuciya, zafi, da zubar jini.

Duk ma'aunan biyu jiki suke aunawa. Ba sa auna kaifin tunani ko saurin taka birki, ba sa kuma tambayar nisan gida. Wanda ya ci maki 10 yana iya kasancewa bai isa ya tsallaka titi shi kaɗai ba. Daga nan dokar awa 24 ta samo tushe: ba tuƙi, ba sarrafa inji, ba giya ko ƙwayar barci, ba sa hannu a takarda mai muhimmanci.

Dokar rakiya ba ɗaya take ba a ko'ina. A Amurka, ƙa'idar gwamnatin tarayya ga cibiyoyin tiyatar yini ɗaya ta ce a sallami kowa tare da baligi mai hankali, sai wanda likitansa ya ɗauke wa. A Birtaniya kuwa, jagoran tiyatar yini ɗaya da ƙungiyoyin likitoci suka fitar a 2019 ya sassauta: ya nuna cewa zaman awa 24 zai iya yin yawa ga ƙaramin aiki, ya kuma yi kaɗan ga babba. Wannan ya fi kusa da gaskiya, domin awa 24 adadi ne mai sauƙin tunawa da aka ɗora wa kowa da kowa.

Inda karkara ta bambanta

Abin da ɗan rakiya ke yi uku ne: ya kai mutum gida lafiya, ya lura in ya rikice, ya nemo taimako. A birni, in an rasa shi, maƙwabci na bayan bango, motar asibiti kuma ta fi saurin isowa. A karkara duka ukun sukan faɗi tare. Hanyar ta fi tsawo kuma sau da yawa ba ta da kyau, jijjiga tana tayar da amai ga wanda bai gama wartsakewa ba. Goyo a babur ya fi komai haɗari, domin mai gyangyaɗi ba ya jin lokacin da hannunsa ya saki. In an isa gida, waya na iya rasa sabis. Aikin da ke jiran mutum ma ba na zama ba ne: dabbobi, rijiya, tsani, injin gona, ko yara da tsoho da shi ne mai kula da su.

Nisa abu ne da masana tiyata suka daɗe suna aunawa. An saba cewa mai tiyatar yini ɗaya kada gidansa ya wuce tafiyar awa 1 daga asibiti. Kwamitin mujallar likitoci ta Lancet kan tiyata a duniya ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan 5 ba sa samun tiyata da maganin barci mai aminci kuma mai sauƙin kuɗi a lokacin da suke bukata, ya kuma sa tafiyar awa 2 zuwa asibitin da ke iya tiyatar gaggawa a matsayin ma'auni. Wanda gidansa ya wuce haka, a duba batunsa daban ko da yana da mai jinya.

Rashin mai jinyar ma dalilansa sun bambanta. Akwai dattijon da 'ya'yansa suka koma birni, akwai baƙon da ya zo aikin ƙwadago, akwai wanda danginsa ba za su iya barin gona a lokacin girbi ba, akwai kuma wanda ba ya so kowa ya san abin da ya kawo shi asibiti. Na ƙarshen nan ba ya faɗa sai an tambaye shi a keɓe.

Mafita

Kusan duk mafitar tana bukatar a san matsalar tun ranar da ake ba da lokacin aikin. In sai da yamma aka gano, bayan an yi allura, zaɓi ya ƙare. Wasu marasa lafiya, don gudun a ɗage musu aiki, sukan ce ɗan'uwansu na waje yana jira. Asibitin da ya san aikinsa yakan karɓi lambar ɗan rakiyar ya kira shi da safe kafin a sa wa mara lafiya allura a jijiya. Direban haya ba ya zama ɗan rakiya, tunda aikinsa ya ƙare a ƙofar gida.

Hanya mafi sauƙi ita ce a kauce wa maganin barcin. Ana iya duba ciki bayan an fesa maganin kashe maƙogwaro kawai, ko a bi ta hanci da siririn bututu. Ana duba hanji ba barci, ko da iskar rage zafi da ake shaƙa wadda ke barin jiki cikin mintuna. Ƙananan tiyata da yawa allurar kashe wurin ta wadatar. In barcin ya zama dole, sai a sa mutum a farkon layin safe, a zaɓi magani mai saurin fita, a tsawaita sa ido. In hakan bai isa ba, ya kwana a asibiti ko a masaukin da ke kusa, ko a haɗa shi da ma'aikacin lafiya na yankinsa da zai leƙa shi. Soke aikin shi ne zaɓin da ya fi wa asibiti sauƙi, amma wanda ya yi azumi ya sha maganin wankin hanji ya yi doguwar tafiya aka ce ya koma, ba lallai ya dawo ba, cutar da ake nema kuwa ba ta jira.

Akwai waɗanda bai dace su kwana su kaɗai ba ko yaya: masu yankewar numfashi a barci, masu ciwon zuciya ko huhu mai tsanani, masu ciwon suga da ke allurar insulin, tsofaffi masu ruɗewa, da duk wanda za a ba ƙwayar kashe zafi mai ƙarfi ya tafi da ita gida.

Bayanin sallama a ba da shi kafin allura, a kuma rubuta shi, ko a naɗa a wayar wanda ba ya karatu. Ya ƙunshi lambar da za a ɗauka dare da rana, asibiti mafi kusa da gidansa, da alamomin dawowa nan take: wahalar numfashi, barcin da ba a iya tayarwa, aman da ya ƙi tsayawa, ciwon ciki mai ƙaruwa, zazzaɓi, jini, ko rashin fitsari. Wasu matsalolin ba sa zuwa a daren farko. Jini bayan cire tsiro a hanji na iya fitowa har bayan mako 2.

Idan ya nace sai ya tafi

Baligi mai cikakken hankali yana da 'yancin barin asibiti ko da likita bai so ba. Sai dai maganin barci yana taɓa hankalin da ake yanke hukunci da shi, don haka takardar "na ɗauki alhakin kaina" da aka sa wa hannu bayan allura ba ta da nauyi sosai. Ma'aikata sukan jinkirta shi har ya ƙara wartsakewa, su gwada ko ya fahimci haɗarin ta hanyar sa shi ya maimaita da bakinsa, su hana shi tuƙi gwargwadon abin da dokar ƙasar ta ba su dama, su rubuta abin da aka tattauna a fayil, sannan su kira shi a waya da dare da kuma washegari.