Ma'anar "mutum-mutumin hulɗa" da ainihin aikinsa a sashen gaggawa na yara

Tun da aka fara yaɗa hotunan wata ƙaramar na'ura mai kai da hannuwa tana tsaye a gefen gadon yaro a asibiti, kalmar mutum-mutumi ta cika bakin masu gabatar da shirye-shirye da masu hawa mumbari. Wani ya ce mutum-mutumi ya fara duba marasa lafiya, wani kuma ya yi alkawarin cewa da shi za a magance ƙarancin likitoci. Abin da ke ba ni takaici a irin waɗannan kalamai shi ne yadda ake cusa na'urori mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya, har mai sauraro ya ɗauka cewa na'urar da take yi wa yaro hira ita ce take yi masa magani.

Akwai na'urar tiyata irin da Vinci, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a shekarar 2000, kuma likita ne yake zaune yana juya hannuwanta. Akwai masu yawo a barandar asibiti suna kai magunguna da zannuwan gado. Mutum-mutumin hulɗa daban yake da su duka, domin an ƙera shi ne saboda ya yi mu'amala da mutum: ya dube shi, ya kira sunansa, ya yi magana, ya motsa jiki ta hanyar da za ta sa a ji kamar akwai wani a wurin. Cynthia Breazeal ta jami'ar kimiyya da fasaha ta MIT da ke Amurka tana cikin waɗanda suka kafa wannan fanni a ƙarshen shekarun 1990 da wata na'ura mai suna Kismet, wadda ba ta da jiki sai kai kawai mai gira da kunnuwa da leɓe, ba ta ɗaukar komai kuma ba ta zuwa ko'ina.

Ina ganin wani ɓangare na ruɗanin ya samo asali ne daga tarihin sunan da duniya ta san waɗannan na'urori da shi. Kalmar robot ta fito ne daga robota a harshen mutanen Cek, wato aikin tilas, kuma marubuci Karel Čapek ne ya yaɗa ta a wani wasan kwaikwayo na shekarar 1920. Tun daga lokacin, da zarar an ambaci sunan, abin da ke zuwa zuciya shi ne ma'aikacin da ba ya gajiya, wanda zai karɓe aikin ɗan'adam. Da wannan tunani ake kallon na'urar da ke gefen gadon yaro, alhali ita ba ta karɓi aikin kowa ba.

Domin a fahimci abin da take yi, sai a dubi yaro ɗan shekara bakwai da aka kawo sashen gaggawa jikinsa ya bushe saboda amai, ana neman jijiya a bayan hannunsa domin a sa masa kanula, wato ɗan siririn bututun da ake zurawa cikin jijiya da allura, a ɗaura masa ruwa. Bai san kowa a ɗakin ba, fitila tana haske ido, wani yaro yana kuka a bayan labule, mahaifiyarsa kuma fuskarta ta nuna tsoro, shi kuwa daga fuskarta yake auna girman abin da ke tafe. Idan ya ƙanƙame jiki yana fizge hannu, jijiyar takan yi wuyar samu, a soka sau biyu ko uku, kowace suka kuma tana ƙara masa firgici. A daidai wannan ɗan lokaci ne ake ajiye mutum-mutumin a gabansa.

Wanda aka fi amfani da shi a irin wannan bincike shi ne NAO, ƙirar kamfanin Aldebaran na Faransa, wanda tsawonsa bai wuce santimita 58 ba. A Jami'ar Calgary ta Kanada, Tanya Beran da abokan aikinta sun ɗora masa wani tsari da suka kira MEDi, suka gwada shi a kan yara 57 masu shekara 4 zuwa 9 a lokacin allurar rigakafin mura, aka buga sakamakon a 2013. Dabarar da ta fi burge ni a ciki mai sauƙi ce ƙwarai: na'urar takan roƙi yaron ya taya ta hure ƙura daga jikin wani abin wasa a daidai lokacin da allura za ta shiga. Yaron yana ganin taimako yake yi, amma a gaskiya dogon numfashi ake sa shi ya fitar, wanda yake sassauta jiki, hankalinsa kuma ya bar kan hannunsa. Wannan dabara ta ɗauke hankali ma'aikatan jinya sun daɗe da saninta, suna yin ta da kumfan sabulu da waƙa da tambayoyi. Abin da na'urar ta ƙara shi ne baƙuntarta, domin yaro yakan ƙura mata ido fiye da yadda zai ƙura wa babban mutum da ya riga ya zarga da haɗa baki da mai allura.

Sai dai kuskuren da ya fi yawa shi ne cewa da ake yi tana kashe zafi. A asibitin yara na Stollery da ke birnin Edmonton na Kanada, likita Samina Ali ta jagoranci gwaji a sashen gaggawa kan yara 86 masu shekara 6 zuwa 11 da ake sa wa kanula, aka buga shi a 2021. Yaran da aka kawo wa mutum-mutumin sun nuna ƙarancin tashin hankali, amma zafin da suka ce sun ji bai bambanta ba sosai da na sauran. Firgici da raɗaɗi abubuwa biyu ne, ko da yake suna tafiya tare. Rage firgicin ba ƙaramar nasara ba ce, tunda yaron da aka danne aka soka da ƙarfi yakan girma da tsoron allura, ya riƙa gudun rigakafi da gwajin jini har bayan ya mallaki hankalin kansa. Amma duk wanda ya ce na'urar ta wadatar, to ya buɗe ƙofar da za a daina shafa wa yaro man da ke kashe zafin fata kafin a soke shi, kuma wannan zalunci ne ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Haka kuma ba kowane mutum-mutumin hulɗa ne yake tunani da kansa ba, duk da yadda ake gaggawar jingina shi da ƙirƙirarriyar basira. MEDi yana bin jerin maganganu da motsi ne da aka riga aka tsara masa. Huggable kuwa, wanda aka yi shi da siffar 'yar tsanar dabba mai laushi, aka gwada shi a asibitin yara na Boston kan yara 54 a binciken da ya fito a 2019, ƙwararriyar mai kula da walwalar yara ce take sarrafa shi daga wajen ɗakin, tana kallon yaron, tana magana ta bakinsa. Tausayin da yaron ya ji na mutum ne, na'urar kawai ta isar da shi a siffar da ba ta tsorata shi.

Waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, yara gommai ne a kowanne, kuma akasarinsu a asibitocin da suke da isassun ma'aikata aka yi su. Sashen gaggawa wuri ne na cunkoso, inda dole wani ya yi wa na'urar caji, ya goge ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin yaro da yaro, ya kuma lura da wanda ita kanta take ba shi tsoro, musamman ƙananan yara. Idan tana da kyamara da makirfo, sai an fayyace inda hoton yaron da muryarsa suke zuwa, kuma sai iyaye sun amince kafin a kunna ta. A asibitin da ma'aikaciyar jinya ɗaya take kula da gadaje da yawa, wannan ƙarin aiki a kanta zai faɗa, kuma mai alkawarin sayo na'urar ya kamata ya fara bayyana wanda zai tsaya kusa da ita yayin da ma'aikaciyar take neman jijiya.