Auna Ribar Tsimin Makamashi a Masana'antu

Tsimin makamashi a masana'anta shi ne fitar da kaya daidai adadin da aka saba, ko fiye, da ƙarancin wutar lantarki ko man dizal ko iskar gas. Auna ribarsa kuwa fanni ne da ke lissafa duk abin da kamfani ya samu bayan an gyara injuna ko an sauya tsarin aiki, wanda ya haɗa da ragin kuɗin wuta da sauran amfanin da ba ya bayyana a takardar kuɗin wuta.

Asalin fannin

Tun da daɗewa injiniyoyi sun lura cewa gyaran da aka yi domin rage cin wuta yakan zo da wasu alherai, amma ba a sa su cikin lissafi. A shekarar 2003 masu bincike na cibiyar Lawrence Berkeley da ke Amurka suka nazarci ayyuka da dama na masana'antu, suka nuna cewa ƙaruwar kayan da ake fitarwa tana sauya hukuncin da ake yankewa kan irin waɗannan gyare-gyare. A 2014 Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta fitar da rahoto kan batun, inda ta ce darajar sauran amfanin na iya kai ninki biyu da rabi na kuɗin makamashin da aka tsimta, kuma lokacin da jari ke ɗauka kafin ya dawo ya sauka daga shekara 4.2 zuwa 1.9 a ayyukan da aka haɗa komai cikin lissafinsu. Wannan tazara ita ce ke raba aikin da shugabannin kamfani za su amince da shi da wanda za su ajiye a gefe.

Abin da ake aunawa

Mafi nauyi shi ne lokacin da injuna ke tsayawa. Injin da ke aiki cikin zafi fiye da kima yakan ƙone, kuma duk sa'ar da layin sarrafa kaya ya tsaya ana biyan ma'aikata albashi ba tare da an fitar da ko buhu ɗaya ba. Idan aka ɗora wa fanka ko famfo na'urar daidaita gudu, rage gudun da kashi 20 cikin 100 kan rage cin wuta da kusan rabi, sannan bel da boris sukan daɗe ba su lalace ba, wanda ke rage kuɗin kayan gyara. Haka nan toshe yoyon bututun matsattsiyar iska, wanda a masana'antar da ba a kula da ita yakan cinye kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na abin da kwamfiresa ke samarwa, yana daidaita ƙarfin iskar, don haka kayan da ake zubarwa saboda lahani su ragu.

Ana kuma duba ruwa da sinadaran da tukunyar tururi ke ci, da raguwar hayaƙi da ƙara da zafi a ɗakin aiki. Wannan na ƙarshe yana da wuyar sa wa farashi, amma bai kamata a bar shi ba, domin ma'aikacin da ke yini kusa da tanda marar rufi shi ne ya fi kowa sanin bambancin, kuma kundin rashin zuwa aiki da na hatsari suna nuna shi.

Hanyar aunawa

Sharaɗin farko shi ne a tattara alƙaluma kafin a taɓa komai, galibi na shekara guda, domin su zama abin kwatance. Ana lissafa makamashin da aka ci kan kowane tan ko katan na kaya, saboda jimillar kuɗin wuta na iya sauka kawai don kasuwa ta ja baya. Ƙa'idar ISO 50001 ta ƙasa da ƙasa kan kula da amfani da makamashi, wadda ta fito a 2011 aka sabunta ta a 2018, ta ɗora tsarinta kan wannan kwatancen. Babban kuskuren da ake yi shi ne ƙirga riba ɗaya sau biyu, ko jingina wa gyaran injin wata ƙaruwa da ta samo asali daga sabon ɗanyen kaya. Maganinsa shi ne injiniya da akanta da mai kula da inganci su zauna kan alƙaluma guda.

Halin da ake ciki a Abuja da Jos

A watan Afrilun 2024 hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, NERC, da ke Abuja ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla sa'a 20 a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit. Masana'antun Idu a Abuja da na yankin Bukuru a Jos suna haɗa wutar kamfanin rarrabawa da ta janareta, don haka dole a ware kuɗin kowacce, tunda yunit ɗin wutar janareta mai amfani da dizal ya fi tsada. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, inda iska ba ta da kauri kuma janareta ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, saboda haka rage nauyin da ke kansa na iya hana kamfani sayen wani babba. Kuɗin janaretan da ba a saya ba shi ma riba ce da ake shigarwa cikin lissafi a shekarar da aka yi niyyar sayensa.